Na goge kukis amma har yanzu ana gane ni

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana harkar kwamfuta ku taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai.

Ina da ɗan shagon buga takardu a Terminus, nan Jos. Kwanan baya na nemi bayani a intanet kan ciwon da ke damun mahaifiyata. Tun ranar tallan magunguna ke bi na duk shafin da na buɗe, har a gaban kwastoma. Na goge kukis (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a kwamfuta don su gane mutum), na saka VPN (manhajar ɓoye adireshin intanet), duk a banza.

Ƙanina ya ce ba kukis kaɗai ba ne. Wai shafuka na haɗa girman allo, nau'o'in rubutun da ke cikin kwamfuta, agogon yankinka da yadda na'urar ke zana hoto, sai su zama tamkar zanen yatsa. Na gwada a Cover Your Tracks, shafin gwaji na ƙungiyar kare sirrin masu amfani da intanet ta EFF, ya nuna burauzata (manhajar da nake buɗe shafuka da ita) ta fita daban.

Na sauke Tor, burauzar ɓoye sawu, amma nauyinsa ya yi yawa, ga mutane a tsaye suna jiran aiki. Shin burauzar Brave ko Firefox za ta wadatar? Kuma da gaske ne tara manhajojin toshe talla na ƙara sa a gane mutum? Ta ina zan fara?