Zan kai ɗalibai gonar binciken dabbobi ta jami'a, kuma mai raka ni tana da juna biyu

Malamar Noma:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da darasin aikin gona a wata sakandaren 'yan mata a nan Zariya. Shekara uku ina roƙon a bar ni in kai 'yan aji biyar su ga gonar binciken dabbobi ta jami'a da idonsu, sai bana Allah Ya nufa. Takardar amincewa ta iso jiya da sharuɗɗa: rufaffen takalmi, ba ci ba sha a ciki, kuma mai juna biyu, ko mai asma, ko wanda ake kiwon kaji a gidansu, ya sanar kafin ranar.

To a nan gizo ke saƙar. Malamar da za ta raka ni cikinta wata biyar, ga ta da ɗokin tafiyar fiye da yaran. Ɗalibai 38 ne, da wuya a sami goma da babu akurki a gidansu. Mu da muka tashi da awaki a tsakar gida, me zai same mu a wurin da likitoci ke kula da dabbobin? Amanar 'ya'yan mutane ce a hannuna, don Allah masu sani ku fahimtar da ni.

Tsohon Ma'aikacin Garke:
Wa alaikumus salam Malama. Na daɗe ina aiki a irin wannan wuri, kuma maganar mai cikin zan fi tsayawa a kai. A ba ta haƙuri ta zauna. Akwai ƙwayar cutar da ke haddasa zazzaɓin Q, tana taruwa a mabiyiya da ruwan haihuwar tumaki da awaki. Idan suka bushe a kan shimfiɗar garke sai ta bi ƙura, mutum ya shaƙa ba tare da ya taɓa komai ba. Tunkiyar da ke ɗauke da cutar kuma ki gan ta garau tana tuƙa. Ga bakkale, wanda makiyaya suka sani da sa shanu ɓari; shi ma yana kama mutum ta kayan haihuwa da ɗanyen nono. Cikin wata biyar ba abin gwaji ba ne.

Kin ce kun tashi da awaki, gaskiya ne. Amma akuya uku a tsakar gida daban, ɗaruruwa a rumfa ɗaya lokacin haihuwa daban. Ko a gidan ma, bai kamata mai ciki ta karɓi haihuwar akuya ko ta share wurin ba.

Sauran kuwa masu sauƙi ne. 'Yan maruƙa za su tsotsi yatsun yaran, su kuma su yi ta murna, daga nan hannu ya tafi baki. Ki tafi da sabulu, kowa ya wanke hannu da ruwa mai gudu na daƙiƙa 20 kafin a buɗe kular abinci. Man shafawan nan na kwalba ba ya kashe wasu ƙwayoyin gudawa da ke cikin kashin maraƙi. Su tattare hijabi kada ya riƙa sharar ƙasa. Kada su tsaya dab da ƙafar saniya ta baya, don ita har ta gefe take harbi.

Baban Ilham:
Malama, sharaɗin kajin nan ba don yaranki aka sa ba, don kajin gonar ne. Ni mai kiwo ne, ban manta Fabrairun 2006 ba, da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jaji, karo na farko da aka ga wannan nau'in a Afirka. A tafin takalmi da gefen zane ake ɗaukar cuta daga wannan akurki zuwa wancan. Ki duba kazar Shika Brown, shekara da shekaru masana suka yi a Shika kafin su fitar da ita. Irin wannan wahala takalmi ɗaya zai iya rusa ta. Yaran su ƙaurace wa kajin gida kwana biyu zuwa uku, su sa wankakkun kaya, kuma ruwan maganin da ke bakin ƙofa a tsoma ƙafa biyu a ciki, ba a tsallake shi don gudun jiƙa safa.

Maman Biyu:
Ni batun asma ne ya taɓa ni. Ƙanwata ta shiga ɗakin fararen ɓeraye da ɓerayen Masar lokacin karatunta, ko minti goma ba ta yi ba ido ya yi ja, ƙirji ya fara shaƙewa. Likita ya ce daga fitsarinsu da gashinsu ne, suna tashi a iska. Ki tambayi iyaye a rubuce, domin yarinya za ta ɓoye don kada a bar ta a baya. Mai asma ta riƙe abin shaƙarta a aljihu, ta leƙa ta taga. In kuma wani abu ya ciji yarinya ko ya yakushe ta, a wanke da sabulu da ruwa minti 15, a faɗa wa ma'aikata nan take, a wuce asibiti.

Malamar Noma:
Allah Ya saka muku da alheri. Na karanta wa malamar amsar Baba Tsohon Ma'aikaci, ta yi shiru, sannan ta ce tunkiyar surukarta na gab da haihuwa kuma ita ke share wurin. Yau za ta miƙa tsintsiyar ga wani. Malamar kimiyya ce za ta raka ni a madadinta. Takardar iyaye za ta fita ranar Litinin, na ƙara layin asma da na kaji. Saura takalmi: yara tara sandal kaɗai suke da shi, gobe zan kira gonar in ji ko suna ba baƙi aron na roba.