Wai mi za mu riƙa ce ma rele da Hausa?

Salamu alaikum ƴan uwa, masu gyaran mota na Maradi ku matso. Shekaranjiya tsohuwar Corolla ɗin baba ta mutu mana a hanyar Ɗan Isa, demarer na juyawa lahiya lau amma inji ya ƙi tashi, yaron garaji na zuwa ya ce pompon esansi ne ya ƙone a sayi sabo. Allah ya sa maigidansa ya biyo shi, dattijo, ya ce mani ɗana murɗa kontak kar ka tada, kowa ya yi shiru. Ya kara kunne wajen tanki. Yawancin motoci masu injekter in ka murɗa kontak pompo na yin ɗan ƙugi kamar sakan 2 kahin ya tsaya, nan ko tsit. Ya duba fuzibil bai tsinke ba, sai ya zare wani ɗan baƙin akwati mai ƙafa 4, ya sa irinsa daga aljihu, mota ta tashi. Rele ne.

Da baba ya tambaye ni mi ne ne rele sai na rasa kalma, abin ya dame ni wallahi, mu nan mun ɗauko ta Faransanci, ƴan Katsina na faɗin ta Turanci, kuma duk ba wadda ke gaya ma mai mota aikin abun.

Ga aikinsa. Pompo na shan wuta da yawa, to ba a bi da ita ta kontak. Ƙafafun rele kowace da lambarta, wuta kaɗan ake aikawa ƙafa 85 da 86, ta zama maganaɗisu ta jawo ɗan ƙarfen da ke cikin rele ya yi ƙas ya haɗa 30 da 87, sannan babbar wutar batir ta wuce. Shi ya sa jin ƙas ɗinsa ba shaida ba ce, bakin ƙarfen na iya cinyewa yana ƙara amma wuta ba ta wucewa. In ka zare rele ka haɗa gurbin 30 da 87 da waya pompo ya yi ƙugi, pompo lahiyarsa ƙalau. Don gwaji kawai, kar a tahi da mota haka, ko inji ya mutu esansi ba zai daina zuwa ba.

Maganar suna kuwa, wani a garajin ya ce a kira rele mai gadi, ban yarda ba, gadi aikin fuzibil ne, shi ke mutuwa don waya ta tsira. Dattijon ya ce ɗan aike, ta yi mani daɗi amma rele ba shi ke tahiya ba, shi ake aiko ma. Ni dai na tsaya kan makunnin aike, makunni ne amma ba hannu ke taɓa shi ba, saƙo ke kunna shi. Na gwada ma baba ya gane nan take.

In da wanda ya ji tsofaffin makanikai na da wani suna, don Allah ya kawo.