Matsakaicin kuɗin rasit ya ƙi fitowa daidai a Power BI

Salamu alaikum. Kwana uku ke nan wannan lissafi ya hana ni sakat. Ina da teburin cinikin shaguna biyu a Power BI (manhajar nazarin bayanai ta Microsoft), kowane layi kaya ɗaya ne a rasit. Abin da nake nema shi ne matsakaicin kuɗin rasit guda.

Ƙaramin shago rasit 10 ne, jimilla N50,000. Babban kuwa rasit 90, jimilla N180,000. Da hannu na raba 230,000 gida 100, na samu 2,300.

A DAX, wato harshen lissafin Power BI, umarnin AVERAGE matsakaicin layuka ya ba ni, ba na rasit ba. AVERAGEX a kan shaguna ya fitar da kowane shago daidai, 5,000 da 2,000, amma layin jimilla ya nuna 3,500, wato ya ɗauki shagunan nauyinsu ɗaya. Sai na koma DIVIDE da SUM da DISTINCTCOUNT na lambar rasit (mai ƙirga kowace lamba sau ɗaya tak), ya ba ni 2,556. A nan na gano kowane shago daga 1 yake fara lambarsa, don haka rasit 90 kawai ya ƙirga.

Ba ni da izinin taɓa teburin. Yaya zan ƙirga shago da lambar rasit a haɗe cikin DAX ba tare da ƙara sabon ginshiƙi ba? Na gode.