Yini ɗaya gare ni a Legas, ina son in zaga Yaba da ƙafa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Ni ɗan Kano ne, shekara biyu ke nan ina koyon rubuta manhaja. Da waya na fara, har yayata ta tausaya min ta saya min tsohuwar kwamfuta da kuɗin adashinta. Mahaifinmu bai taɓa gamsuwa da abin ba. Shi burinsa in zauna a shagon kawu a Kantin Kwari, kullum maganarsa ita ce bai ga abin da danne-dannen nan ya kawo gida ba. Har mun yi wata guda gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai da Hajiya ta sa baki.

To mako mai zuwa zan raka kawu Legas ɗauko kaya, ya ce zai bar min yini ɗaya. Tun da na ga hotunan Mark Zuckerberg mai Facebook yana tafiya a ƙasa a titin Yaba a 2016, lokacin da ya ziyarci CcHub, cibiyar masu ƙirƙirar manhaja da sabbin kamfanonin fasaha, nake son in taka wurin. Nufina in fara daga Kwalejin Fasaha ta Yaba, in bi titin Herbert Macaulay zuwa CcHub, in ƙarasa Jami'ar Legas a Akoka, duk da ƙafa. Zai yiwu? Kuma ana barin baƙo ya shiga?

Ɗan Agege: Wa alaikumus salam. Shekarata goma sha huɗu a garin nan, ka saurare ni. Yabar da kake gani a hoto ta wuce. Andela, kamfanin masu rubuta manhaja da Zuckerberg ya leƙa a wancan zuwan, sun bar unguwar tuntuni, daga 2020 ma kowa daga gida yake musu aiki. Kamfanoni da yawa sun koma Lekki da Ikeja. Me za ka gani in ka taka? Gini da mai gadi. Ka tafi kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ka ga yadda ake juya kuɗi da fasaha, ka koma gida da abin da za ka nuna wa Baba.

'Yar Idi-Araba: Ƙanina, tafiyar za ta yiwu, amma ka fito da sassafe kafin rana ta take. Daga Sabo, inda CcHub take, in ka kama hanyar jami'a ta Abule Oja, kai tsaye za ta sada ka da babbar ƙofa. Jami'ar tun 1962 take, kuma tana da faɗi, ka rage ƙarfinka saboda cikinta. Ka yi azahar a babban masallacinsu, sannan ka gangara bakin ruwa. Daga nan ake hango doguwar gadar nan ta uku da ta ratsa kan ruwa, sai ka ga motoci kamar jerin tururuwa. Ka riƙe katin shaida. A ina za ku sauka ne? Ba ka faɗa ba.

Mai tambaya: Na gode Anti. Yaya na Agege, ni ba sayen kaya zan je ba, kasuwar waya ai muna da ita a Farm Centre. So nake in ga mutanen da suke irin aikina ido da ido.

Ɗan Agege: Ido da ido da wa? Ni na taɓa zuwa wata cibiya irin wannan da shawarar kasuwancina a rubuce, na sa manyan kaya, aka ajiye ni a benci awa biyu saboda ba ni da alƙawari da kowa. Ƙarshe wata yarinya ta fito ta ce in aika saƙo ta imel. Na aika sau uku, har yau shiru. In ba ka san wani a ciki ba, kada ka wahalar da ƙafarka.

Malamin makaranta: Abin da ke ci min rai shi ne sai yaranmu sun je Kudu kafin su ga irin wannan. Abin da ya ɗaga Yaba ba sihiri ba ne. Kwalejin tana nan tun 1947, jami'a na kusa, haya ta fi ta tsibirin Legas sauƙi a lokacin, sannan a 2013 aka shimfiɗa wayar intanet mai sauri a unguwar. Mu a Samaru ga jami'a ga ɗalibai, amma wuta ta gagara. Jiya kwana muka yi a duhu, ina da takardun jarrabawa fiye da ɗari da zan duba.

Mai gyaran waya: Ni dai kada ka fito da waya kana ɗaukar hoto a bakin titi. A wata tasha a yankin aka zare min tawa, ban ji ba ban gani ba. Kwamfutar ma ka bar ta a masauki. Kuma an hana acaba a can, in ka gaji sai danfo, wato ƙaramar bas ta haya.

'Yar Idi-Araba: In ya bar kwamfutar me zai nuna musu? Ka sa ta a jakar baya ka rataya ta gaba. In a Agege za ku sauka, akwai jirgin ƙasa na jan layi da ya fara aiki a 2024, yana tsayawa a Yaba, da katin biyan kuɗin sufuri na Cowry ake shiga. Ka tambayi lokacin tashinsa tun da daddare.

Mai tambaya: Masaukin kawu ne ya sani, ban tambaye shi ba, kada ya ga kamar na ƙosa. Ranar kuma Asabar ce.

Ɗan Agege: Asabar! To ai magana ta ƙare. Ofisoshi a rufe, malamai ba sa nan. Na faɗa maka Ikeja, ranar ce ma kasuwa take ci.

Ɗalibar kwamfuta: Ba haka ba ne Yaya. Tarukan masu rubuta manhaja sau da yawa ranar Asabar ake yinsu, saboda masu aiki su samu zuwa. Ya duba shafukan cibiyoyin tun yanzu, in akwai taro ya yi rajista, da sunansa a takarda ba mai tare shi a ƙofa.

Ɗan Agege: In kuma babu fa? Ya sha rana a banza.

Mai tambaya: Ko babu zan je. Shekaru nake da wannan niyya, kuma ban san ranar da kawu zai sake ɗaukata ba. Ba zan iya ce masa ya canza ranar ba, Juma'a ce ranar lodin kaya. Abin da ban samu amsarsa ba shi ne, in na isa ƙofar CcHub ba taro ba alƙawari, me zan ce wa mai gadi? Kuma kwamfutar, in ɗauka ko in bari? Ɗaya ya ce in bari, ɗaya ta ce in ɗauka.

Malamin makaranta: Yanzu ma sun sake ɗauke wutar.