Neman shawara: DNA ɗin da na samu a gwaiduwar ƙwan kwaɗo, daga ina yake?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamaina. Ina aikin binciken kammala digiri a kan ƙwan kwaɗon nan Xenopus laevis. Na ware gwaiduwar ƙwan da na'urar juyawa, na gwada, sai ga DNA a cikinta. Abin ya ɗaure mini kai, don a sanina gwaiduwa abinci ce kawai, furotin da kitse. Shin na rubuta cewa tana ɗauke da nata gadon halitta, ko dai gurɓata ce? Mai duba aikina na jiran babin nan, ina tsoron rubuta abin da ba zan iya karewa ba.

Amsa ta farko, daga wani malamin kimiyyar halittu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kwantar da hankalinki, manya sun riga ki cin karo da wannan. Ƙwayar halittar wannan kwaɗo guda tana da DNA kusan fikogiram 6 (fikogiram ɗan ƙanƙanin ma'aunin nauyi ne), amma ƙwai ɗaya yana ɗauke da ninkin haka ɗaruruwa. A 1966 masani Igor Dawid ya nuna cewa mafi yawan rarar nan ta maitokondiriya ce, wato ƙananan sassan ƙwayar halitta masu samar da kuzari, waɗanda ƙwan ke tarawa jingim. Ragowar kuma tana tare da ƙwayoyin gwaiduwa, kuma su Jean Brachet sun yi aiki a kanta a Beljiyam. Saboda haka kafin ki rubuta komai, tabbatar maitokondiriya ba su biyo gwaiduwar taki ba. Nasu DNA zobe ne, mai tsawon tubalan DNA kusan 17,500, sauƙin ganewa gare shi.

Wani ɗalibi: Ni dai an taɓa gaya mana DNA ɗin gwaiduwar tanadi ne. Ɗan tayi yana farfasa shi ya gina nasa DNA lokacin da yake rarrabuwa da sauri.

Wata mai aikin ɗakin gwaji: Ɗan'uwa, an daɗe ana faɗin haka, amma yi lissafi. Bayan rabuwa 12 ɗan tayin ya kai ƙwayoyi kusan 4,000, ke nan yana buƙatar DNA sama da nanogiram 20 (nanogiram ɗaya fikogiram 1,000 ne). Duk DNA ɗin ƙwan, har da na maitokondiriya, 'yan nanogiram ne kawai. Tanadin da bai kai ko'ina ba ke nan.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne aikin Opresko da Wiley da Wallace na 1979. Ki tuna, 'yar'uwa, ƙwai ba shi ke ƙera gwaiduwarsa ba. Hantar uwa ce ke yin furotin ɗin bitelojenin idan sinadarin isturojin ya motsa ta, jini ya ɗauko shi, ƙwan ya riƙa zuƙa, sannan a ciki a raba shi zuwa lifobitelin da fosbitin. To jinin nan yana da gutsattsarin DNA da ke yawo a cikinsa. Sai suka saka ƙwai cikin ruwa mai DNA da aka yi wa alama, na kwaɗo, na saniya, har da na bakteriyar E. coli. Ƙwan bai zaɓa ba, duka ya haɗiye, kuma kaso mai yawa ya ƙare a gwaiduwa. Bayan mako guda kashi 20 cikin ɗari kawai ya rage. Abin da ƙwai zai karɓa ko daga saniya, kuma ya narkar da shi cikin kwanaki, ban ga yadda za a kira shi gado ba. Ya biyo ayarin bitelojenin ne ya shigo.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. To Malama, a aikace me zan yi yanzu?

Mai aikin ɗakin gwaji: Fara da cire ƙwayoyin halittar da ke lulluɓe da ƙwan, don kowace tana da cikakken DNA, kuma kaɗan daga cikinsu sun isa su lalata awonki. Ki wanke gwaiduwar sau da dama, ki zuba mata DNase, sinadarin da ke narkar da DNA: abin da ya manne a waje zai narke, na ciki zai saura. Idan da gwajin launi na daifenilamin kika auna, ki sake da wata hanya, don wasu sinadaran ƙwai suna ba da irin launin, sai su kumbura adadi. Sannan ki yi PCR, gwajin da ke ninka DNA don a gano asalinsa, da alamar maitokondiriya da ta cibiyar ƙwaya.

Malamin kimiyyar halittu: Na goyi bayan wannan. A babin ki rubuta "DNA da ke tare da gwaiduwa", ki kawo bayanin jinin uwa a matsayin wanda hujja ta fi ƙarfafa. Ki turo sakamakon DNase ɗin idan ya fito, mu duba tare.