Samurai da Vaikin: da za su gamu, wa zai kai wani ƙasa?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i ni da ƙanena muka raba dare a ƙofar gida muna musu. Shi ya kafe a kan cewa da samurai na Japan zai gamu da Vaikin, mayaƙan nan na arewacin Turai masu kai hari ta ruwa, sara ɗaya da katana, takobin samurai, ya gama magana. Ni kuwa na ce takobi ba ya cin sulke. Na taɓa ɗaga sulken wani mahayi ranar hawan Sallah, sai da kafaɗata ta sage, kuma zobban nan a sarƙe suke, ko tsinin wuƙa da ƙyar zai samu kafa. To sun ma taɓa haɗuwa kuwa? In ba su haɗu ba, wa kuke ba wa?

Malamin Tarihi:
Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ba su taɓa ganin juna ba. Zamanin Vaikin ana lissafa shi daga 793, da suka far wa gidan ibadar Lindisfarne a Ingila, zuwa 1066 da aka kashe sarkin Norwe, Harald Hardrada, a yaƙin Stamford Bridge da ke arewacin Ingila. Turawan farko da suka taka Japan kuwa 'yan Fotugal ne, a 1543. Ta gabas dai Vaikin sun yi nisa: a 922 Ahmad bn Fadlan, manzon halifan Bagadaza, ya tarar da su a bakin kogin Volga, ya ce dogaye ne kamar dabino, kowanne da gatari da takobi da wuƙa ba ya rabuwa da su.

Sannan ka gaya wa ƙanen naka, katanar da yake taƙama da ita ba ta zo ba tukuna a lokacin. Samurai na ƙarni na 10 maharbi ne bisa doki. Bakansa ya haura mita 2, sulkensa ƙananan fale-falen ƙarfe da fata ne da aka ɗinke da igiya, takobinsa mai suna tachi yana rataye a ƙugu, sai kibiya ta ƙare ake zaro shi. Ba ya ma riƙe garkuwa, don hannu biyu baka ya cinye.

Jikan Maharba:
Malam ya yi gaskiya, kuma nan ne gizo ke saƙa. A fili shimfiɗaɗɗe ni samurai nake ba wa, ba ko tantama. Vaikin a ƙasa yake yaƙi, su jera garkuwoyin katako kafaɗa da kafaɗa. Mai doki zai yi ta zagaya su yana ɓarin kibiya har ƙishi da rauni su karya sahun. Amma in a bakin teku ne da asuba, gari na barci, ba a ɗaura wa doki sirdi ba, ko kuma a kan jirgi inda sai gaba da gaba, gatarin nan mai dogon ƙota ba abin wasa ba ne. Ɗan Kurmi, sulken naka ma ba kowane Vaikin ke da shi ba, kayan masu hali ne. Yawancinsu mashi ne da garkuwa kawai.

Malamin Tarihi:
Akwai abin da ya yi kama da haka. A 1019 'yan fashin teku na ƙabilar Jurchen, daga yankin da yau yake arewa maso gabashin Sin, da jirage kusan 50, suka afka wa tsibiran Tsushima da Iki na Japan. Sun kashe ɗaruruwa, sun kwashe mutum sama da 1,000. Da suka iso gaɓar Hakata a kudancin Japan sai suka tarar hakimin wurin, Fujiwara no Takaie, ya tara mayaƙan yankin, aka kora su cikin teku. Tsibiran da aka shammata sun sha wuya, inda labari ya riga maharan isa kuma dawakai da kibau suka yi aikinsu.

Ɗan Kurmi:
Allah ya saka da alheri, Malam. Yau da daddare zan karanta masa batun 1019 ɗin. Saura tambaya ɗaya ga Jikan Maharba: kibiyar wannan dogon bakan, daga taku nawa za ta huda sulken zobe in an sa riga mai kauri a ƙarƙashinsa?