Wane littafin halittun daji mai zane zan saya wa yarinya?

Maman 'yan biyu, Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara na zo nema. Babbar 'yata shekararta 11, ba ta da aiki sai zanen ganye da tsuntsaye a bayan littafin makaranta. Kwanan baya ta ga hoton wata 'yar mitsitsiyar halitta mai fukafukai zaune kan fure a wayar ƙanwata, tun ranar ta hana ni sakat wai sai na nemo mata labarinsu. Ina son littafi mai labari da zane, wanda ba zai ba ta tsoro da dare ba.

Malamar firamare, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Hajiya, mai yiwuwa zanen Cicely Mary Barker ta gani, wata 'yar Ingila da littafinta na farko ya fito a 1923. Kowane shafi yaro ne mai fukafukai tare da tsiro guda da 'yar gajeriyar waƙa. Tsiron na gaske take ajiyewa a gabanta ta zana, har jijiyar ganye. Babu abin tsoro ko kaɗan. Sai dai ba labari ne mai tafiya ba, kuma furannin duk na ƙasarsu ne. Ɗalibaina sun yaba kyan, amma ko ɗaya ba su gane ba.

Ɗalibin zane, Samaru: Mama, ni The Spiderwick Chronicles zan ce ki fara da shi, na Tony DiTerlizzi da Holly Black. Ƙananan littattafai ne guda 5, na farkon ya fito a 2003. Tagwaye ne da yayarsu, kamar gidanki, suka koma wani tsohon gida suka tsinci kundin da wani kakansu ya cika da bayanin halittun ɓoye. Zanen alƙalami da tawada ne, kuma an zana halittun kamar yadda mai nazarin ƙwari zai zana fara ko ƙwaro, ƙafa, fiffike, inda suke kwana. Akwai 'yan dodanni, ki fara dubawa da kanki. Wanda ba zan ba ta yanzu ba shi ne Faeries na Brian Froud da Alan Lee, 1978. A wajen mai koyon zane taska ne, amma wasu hotunan na da ban tsoro, wasu kuma babu sutura.

Baba, Ƙofar Doka: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Na ji daɗi da ba wanda ya kira waɗannan abubuwa aljanu, kuma ina roƙon kada a kira su haka a gaban yarinya. Aljani gaskiya ne, sura guda Allah Ya saukar da sunansa, ta 72. Waɗannan masu fukafukai kuwa tatsuniyar Turawa ce, kamar Gizo da Ƙoƙi a wajenmu. In an bambance mata tun farko, sai ta karanta da kwanciyar hankali.

Sannan kada ku tsallake na gida. Magana Jari Ce a nan Zariya Abubakar Imam ya yi aikinsa, kuma da hotunansa muka karanta shi. Ruwan Bagaja da Ganɗoki duk daga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 suka fito, akwai abin al'ajabi a cikinsu son ran yaro. Muna yara kakata kan hana mu zama gindin tsamiya da tsakar rana, ba a kuma ɗaga gatari a kan tsohuwar kuka. Ko me mutum zai ce game da dalilin, itatuwan sun tsira. Yau ina bin hanyoyin da na san rimaye a tsaye, da yawa babu su, raina yana ɓaci.

Maman 'yan biyu: Baba, Allah Ya ƙara girma. Wallahi abin da ke cikin raina ke nan na rasa yadda zan faɗe shi.

Wata 'yar unguwar Kongo, Zariya: Anti, ki ƙara da Zahrah the Windseeker na Nnedi Okorafor, 2005, ya ci kyautar Wole Soyinka a 2008. Yarinya ce da tsirrai ke fitowa a gashinta, ta shiga dajin da aka hana shiga don nemo wa abokinta magani. A ƙasar da ke cikin labarin har kwamfuta shuka ta ake yi. Zane ba shi da yawa, Turancin ma ya ɗan fi na Spiderwick nauyi, amma baƙar fata ce kamar 'yarki, dajin kuma ya fi kusa da namu.

Ɗalibin zane: Maganar Malama da ta Baba ta tsaya mini a rai. Abin da ya sa littattafan nan suka yi ƙarfi shi ne masu zanen sun ƙura wa itacen ƙasarsu ido kafin su ɗora masa halitta. Mu fa? Dubi gawo. Damina ta sauka, kowane itace ya yi kore shar, shi kuwa ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai rani ya zo ya yi lif, manomi na murna da shi a gona. Furen kuka fari ne, da dare yake buɗewa, jemagu ne baƙinsa. Shamuwa in ta iso kowa ya san ruwa ya kusa. Ga dutsen Kufena, ga bakin Kubanni da Galma. Wace tatsuniya ce ba za ta fito daga nan ba? A garin nan ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, da kiran mai zane ya koma ga abin gidansu ya haɗa da abin da ya koyo. Ina son in ga littafin Hausa mai launi da yaro zai buɗe ya ce, ai wannan ɗorawar bayan gidanmu ce. Na fara zanen gawo tun bara, labarin ne ya gagare ni.

Malamar firamare: Ɗana, kawo zanen in gani. Ina da tatsuniyoyin da na rubuta daga bakin mahaifiyata, a cikinsu akwai ta yarinyar da kuka ta ɓoye. Mu gwada, in karanta wa 'yan aji biyar mu ga fuskokinsu.

Wata 'yar Kongo: Anti, wajen saye ki fara leƙa masu tsofaffin littattafai a Samaru. In ta intanet ne, ki sa a turo hoton cikin littafin kafin ki biya. Na taɓa sayen wani aka kawo mini bugun da aka cire hotunan.

Maman 'yan biyu: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Magana Jari Ce akwai shi wajen babansu, daren yau za mu fara. Zan nemi Spiderwick na farko in karanta tukuna. Ɗana na Samaru, akwai gawo a gonarmu ta hanyar Shika, ranar Asabar zan kai ta. Fensir kawai za ta riƙe, ko in saya mata takarda ta musamman?

Ɗalibin zane: Fensir 2B da littafin zane marar layi sun isa, Mama. Ku je da hantsi kafin rana ta take, ta tsinto ganye da ƙaya guda ta taho da su gida.